Hula ko bargo: wanne za ki saƙa wa jaririn da aka haifa a Jos?

Daren wata Laraba a ƙarshen watan Yuni ƙanwata ta bugo min waya daga Kubwa ta Abuja. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Yaya, aminiyar nan tawa ta Unguwar Rogo ta sauka ɗazu, an samu namiji. Bargo nake so in saƙa masa in taho da shi suna."

Na ce, "Barka, Allah Ya raya. Zare dunƙule nawa gare ki a ƙasa?"

"Biyu."

"Ƙarfe nawa kike shiga gida in kin taso daga aiki?"

Sai ta yi shiru, don ni da ita mun san yadda hanyar Kubwa take da yamma. Na ce mata ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana shida ne tsakaninta da suna, ɗaya a ciki na mota ne, Keffi, Akwanga, a hau dutse a iso Jos. Bargon jariri kuwa ko ni da na daɗe ina riƙe kwarashi sai na yi mako uku a kansa, in ina ba shi awa ɗaya da rabi zuwa biyu kullum.

Duk mai saƙa ta san wannan tsaka mai wuyar, musamman a wajenmu da ba a shelar ciki. Sau da yawa sai ya tsufa kike lura, wani lokacin ma sai dai ki ji an ce wance ta sauka. To in an ce zaɓi ɗaya za ki yi, hula da safa ko bargo, abin da yake raba gardama shi ne kwana nawa suka rage miki, a wane wata aka haihu, a wane gari za a yi jego, sannan wa zai riƙa wanke kayan. Kyawun launi yana can baya.

Mu fara da lissafin zare, don shi ne ke taɓa aljihu. Hular sabon jariri ba ta wuce giram 30 zuwa 40 na zare matsakaicin kauri, wato dunƙule ɗaya ya isa, har wani lokacin a samu ragowar da za a fara safa. Bargo mai faɗin santimita 90 da tsawon 90 yakan ci giram 400 zuwa 600, gwargwadon irin saƙar da kaurin zaren. In ƙananan dunƙulen nan ne masu giram 40 ko 50 da suka cika kasuwa, kin ga ana maganar takwas zuwa goma sha biyar ke nan. Kuɗin bargo ɗaya zai fitar miki da hula goma. A wajen lokaci ma haka ne: hula ina farawa bayan la'asar, kafin isha'i na yanke zare.

Sai dai hula tana da aibi ɗaya babba, ba ta daɗewa. Jaririn da ya cika wata tara, zagayen kansa ranar haihuwa yakan kai santimita 34 zuwa 35. Kafin ya cika wata uku ya kai wajen 40. A wata shida yana kusan 43, a shekara guda 45 zuwa 46. Kin ga ke nan mafi yawan girman kan yana faruwa ne a farko-farko, daidai lokacin da hularki take sabuwa. Ta farko da na taɓa saƙawa ta ɗan yayana ce, ruwan madara da baki shuɗi, na zauna na yi mata ado har ina jin kaina. Ranar suna ta zauna masa das, kowa na tambayar wa ya yi. Da na koma ana saura kwana goma a yi arba'in, na tarar an ɗora masa ita don in gani in ji daɗi, ta tsaya can tsakiyar kai kamar murfin kofi, kunnuwa duk a waje. Uwar ta ce, "Anti, wallahi tana da kyau, kan ne ya ƙi tsayawa."

Tun daga ranar ba na kai hula ɗaya. Biyu nake yi, ƙarama mai zagayen santimita 33 da babba mai 38, don ana saƙa hula ta ɗan gaza kan da santimita ɗaya ko biyu saboda ta kama. In da kwarashi kike yi daga tsakiyar kai ki gangaro, ga hanya mai sauƙi: ki raba zagayen da kike so da 3.14, abin da ya fito shi ne faɗin faifan da za ki saƙa kafin ki daina ƙari. Na 33 zai ba ki wajen santimita 10 da rabi, na 38 kuma 12. Daga nan sai ki miƙe ba ƙari har tsawon hular daga tsakiya zuwa baki ya kai 12 ko 13 a ƙaramar, 14 ko 15 a babbar. Tef ɗin awo na tela shi ne abokin aikinki, kada ki dogara da ƙirga layi, don hannun kowa da irin matsinsa.

Bargo shi ba ruwansa da girman yaro. A naɗe shi a ciki a kai shi rigakafi, a yafa masa a kan goyo in za a fita da sassafe, a shimfiɗa masa in ya fara koyon zama, in ya yi wayo ya riƙa jansa a tsakar gida, in an yi ƙani ya gada. Akwai wanda na saƙa yanzu yana kan yaro na uku a gida ɗaya, ya koɗe ya yi laushi, amma yana nan.

Yanzu ga maganar gari da wata. Wanda bai zauna a Jos ba yakan ɗauka sanyinmu na hunturu ne kawai. Garin yana bisa tudu ne, sama da mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa muke da sanyi iri biyu. Na farko daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshe mai fasa leɓe da dunduniya, wanda da asuba ma'auni kan sauka zuwa wajen digiri 10. Na biyu na damina ne, Yuli da Agusta, mai laima, a wuni ana yayyafi rana ba ta leƙo ba, shanya ta kwana biyu a kan igiya tana ɗanya. Maris da Afrilu ne kawai za a ce ana zafi. Saboda haka jaririn Jos da aka haifa a Yuni ko Nuwamba ya faɗo daidai bakin sanyi, hula da bargo duk zai more su. Wanda aka haifa a ƙarshen Fabrairu kuwa, in kika saƙa masa hula mai kauri daidai kansa, kafin sanyi ya dawo ta yi masa kaɗan. Shi hular wata huɗu zuwa shida ta dace da shi, mai zagayen 40 zuwa 41, ko kuma bargo.

Sannan ki tambaya a ina za a yi wankan jego. Haihuwar fari da yawa gida ake komawa. Yarinyar da take aure a Abuja amma iyayenta suna Gangare ko Bukuru, a Jos za ta yi kwana arba'in ɗinta, sannan ta koma garin da daga Fabrairu zuwa Afrilu ko babba ba ya iya barci sai da fanka. Bargo mai nauyi a can sai dai ya zama shimfiɗa. Akasin haka ma yana faruwa, a haihu a Jos a tafi wanka wani gari mai zafi. Tambaya ɗaya ce, amma tana hana aikin mako uku ya ƙare a ƙasan akwati.

Ta fuskar lafiya kuwa, kowanne da inda ya fi. A kwanakin farko hula ta fi bargo amfani nesa ba kusa ba. Kan jariri babba ne in aka gwada da jikinsa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, kuma ta nan ɗumi yake saurin fita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a sa wa sabon jariri hula, a kuma ƙara masa tufa ɗaya ko biyu a kan abin da babba ya sa. Ɗumin jikinsa ana so ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. In bakwaini ne, ko wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, to nan hula ta zama kamar magani. Irin renon nan da ake kwantar da jariri a ƙirjin uwa fata da fata, wanda aka faro a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, daga kunzugu sai hula da safa ake barin masa a jiki. Hular da za ta yi wa bakwaini daidai ba a cika samunta a kasuwa ba, duk sun yi yawa suna rufe ido. In kin ji an haifi bakwaini a dangi, kada ki tsaya tunanin bargo, ki sa a auna miki kan ki zauna ki yi uku ko huɗu a riƙa canzawa.

Amma akwai ɗaya gefen da mu mutanen Jos ba ma son ji. Muna da ɗabi'ar naɗe jariri kamar za a aika shi ƙasar ƙanƙara: singileti, riga, suwaita, hula, safar hannu, safar ƙafa, shawul, a kawo bargo a ɗora, a rufe taga, a shigo da kaskon gawayi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta ce a kwantar da jariri rigingine, kada a bar bargo sake-sake ko matashi a inda yake barci har ya shekara, kuma in an wuce sa'o'in farko na haihuwa kada a bar masa hula yana barci a cikin ɗaki, saboda zafi ya yi yawa ko ta zamo ta rufe masa hanci. Da na faɗa wa Goggo wannan sai ta ce, "Su can ai ɗakinsu da na'urar ɗumi. Ke kin taɓa kwana a Rikkos cikin Janairu da taga mai ɓula?" Ban ce ba ta da gaskiya ba. Abin da muka tsaya a kai shi ne, ɗumin dare a neme shi a kayan da ke jikin yaro, in ya zama dole a rufa masa, a tsaya iya ƙirji a cusa gefe da gefe ƙarƙashin katifa, fuska a buɗe. Kuma a riƙa taɓa bayan wuyansa ko ƙirjinsa, in da gumi a rage kaya. Tafin hannu da ƙafa ba sa faɗin gaskiya, sukan yi sanyi ko yaro yana cikin ɗumi. Gawayi kuwa a ɗakin da aka kulle, hayaƙinsa marar wari yana kisa, wannan ba shi da wani sassauci.

Don haka in kin zaɓi bargo, ki ɗauke shi a matsayin na fita da na hannu da na shimfiɗa, ki kuma faɗa wa uwar haka lokacin da kike miƙa mata.

Sai abin saƙar kansa, kwarashi mai ƙugiya a baki ko kibiya, wato dogayen tsinkayen nan biyu. Na iya duka biyun, kuma kowanne akwai inda nake ajiye shi. Saƙar kibiya biyu tana fitowa da laushi, ba kauri, tana miƙewa ta koma, shi ya sa hular kibiya ta fi bin kai kuma ta fi jure girman yaro, musamman in an yi mata bakin nan mai gora-gora. Matsalarta madaukai da yawa ne a kan kibiya lokaci guda, in ɗaya ya zame sai ya warware ya gangara ƙasa kamar tsani, sabon hannu kuwa daga nan sai kuka. Ga kuma ɗinkin da za a haɗa bayan hular, wanda in ba a yi shi a kwance ba yakan yi wa jariri shaida a kai. Kwarashi madauki ɗaya tak kike riƙe da shi. Yaro ya yi kuka, ko tukunya ta tafasa, ki ja madaukin ya yi tsawo ki ajiye. In kin yi kuskure ki warware zuwa wajen ki ci gaba. Ya fi sauri a wajen yawancin mutane, amma ya fi cin zare, masu saƙa sukan ƙiyasta ƙarin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma abin da yake fitarwa ya fi kauri da tauri.

Hukuncina a nan: bargo da kwarashi, hula da kibiya in kin iya. In kwarashi kaɗai kika iya, ba laifi, ki ɗauki wanda ya ɗan fi abin da aka rubuta a takardar zaren girma, misali mai milimita 4.5 a maimakon 4, don hular ta yi laushi, sannan ki yi mata baki ta hanyar soka kwarashin a madaukin baya kawai, zai ba ki gora-goran da ke miƙewa.

Akwai abin da ya kamata a faɗa tsakani da Allah. In ɗumi kawai ake nema, ba sai kin saƙa ba. Matan da ke da injin saƙa suna fitar da saitin riga da wando da hula da safa cikin yini ɗaya, da arha. Kasuwar Katako kuma cike take da gwanjon kayan sanyin jarirai, har da barguna masu laushi da kuɗinsu bai kai na zaren da za ki saya ba. Injin saƙa tsohon abu ne, tun 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera na farko a Ingila, kuma saƙar kibiya yake kwaikwayo. Ita saƙar kwarashi har yau da hannu ake yinta. Wannan ne ya sa a cikin tulin kayan barka, atamfa da sabulu da omo da riguna 'yan kanti iri ɗaya har uku, bargon kwarashi yake fita daban, mata su riƙa ɗagawa suna juyawa. Hular kibiya kuwa, komai kyanta, wata za ta ɗauka ta inji ce.

Zare shi ne inda aka fi yin asara. Duk abin da aka dunƙula muna ce masa ulu, alhali mafi yawan wanda ke shagunan kayan ɗinki na kewayen Taminus ko kasuwar Wuse bai taɓa ganin tunkiya ba. Akirilik ne, dangin roba, daga sinadaran man fetur ake yinsa. In takardar ta ɓace ko ba ki yarda da ita ba, ki yanki ɗan guntu ki kai tsakar gida ki kusanta masa ashana. Na roba zai narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Auduga za ta ci da wuta tana warin takarda ta bar toka mai laushi. Gashin tumaki na ainihi zai yi ƙaurin gashi, kamar ana babbakar kai da ƙafa ranar Sallah, kuma wutar takan mutu da kanta.

Na roba yana da arha, ga launi kala-kala, ba nauyi, kuma yana bushewa da wuri, wanda a Agustan Jos ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba ya shan gumi, kuma ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Na taɓa kai wa wata 'yar'uwa bargo ruwan ƙwai, saƙa mai tudu-tudu kamar kwarya-kwarya, na yi kusan wata a kansa. Yarinyar da ke taya ta aiki ta wanke shi tare da sauran kayan jariri, ta zo guga ta bi ta kansa da dutsen gawayi, don an ce mata duk kayan jariri sai an goge. Da na gan shi ya baje ya yi sheƙi kamar leda, tudun nan duk ya kwanta, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Irin wannan ba ya gyaruwa, zaren ya riga ya saki. Ban ga laifin yarinyar ba, ni ce ban faɗa ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne wuta: tartsatsin gawayi in ya faɗa kan zaren roba narkewa yake ya manne a fata. Gidan da kika san ana jin ɗumi da kasko, ki yi tunani sau biyu, ko ki ja musu kunne sosai.

Auduga ita ce ta fi dacewa da irin wankinmu. A zuba mata ruwan zafi, a cuɗa, a goge, ba abin da zai same ta, ga shi tana shan gumi ba ta sa ƙuraje. Ga jaririn Abuja ita zan zaɓa ba tare da wani dogon tunani ba, haka ma jaririn Jos na Maris. Sai dai tana da nauyi, ba ta miƙewa ta koma, hular auduga in ta saki ta saki ke nan, ba ta riƙe ɗumi kamar sauran, kuma bargonta in ya jiƙe a damina sai ya kwana biyu bai bushe ba. Ga tumbuɗi kullum, uwa ba za ta jira ba.

Ulun tumaki na gaske ya fi su duka ɗumi, yana iya shan laima kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba a ji shi a jiƙe ba, kuma ba ya saurin kamawa da wuta. Amma yana da tsada da wuyar samu, wani yana ƙaiƙayi, kuma ranar da aka sa shi a ruwan zafi aka cuɗa, zai tsuke ya cure ya koma kamar hular dara. Mai jego da ke fama da kanta ba ta da lokacin lallaɓa bargo da ruwan sanyi. Ni ina amfani da shi ne a hula kawai, ga uwar da na san za ta kula. Hanyar samunsa mai arha ma tana Katako: ki nemi suwaitar manya ta gwanjo da takardarta ta nuna gashin tumaki ne, ki juya ta ki duba haɗin gefe. In sassan a saƙe suke aka haɗa, za ki iya warware ta ki samu zare mai tsawo. In yanka su aka yi aka bi da keken dajin baki, ki ajiye, guntu-guntu za ki samu. Kowane iri ne, ki goga shi a wuyanki kafin ki biya. Abin da ya soke ki, jariri ya fi ki jinsa.

In kin samu wanda aka gauraya auduga da akirilik, shi ne tsaka-tsaki mafi kyau ga bargon da zai yi yawo tsakanin Jos da Abuja. Kuma ki sayi duk abin da kike buƙata rana ɗaya, har da ƙarin dunƙule guda. Zare ana rina shi ne tukunya-tukunya, akwai lamba a takardar da ke nuna haka. Na taɓa komawa neman cikon biyu bayan mako biyu, launi ɗaya suna ɗaya, a shago ba bambanci, sai da aka shanya bargon a rana layin ya fito ƙiri-ƙiri.

Irin saƙar ma zaɓi ce. Bargon da ake yi da 'yan faifai masu kusurwa huɗu a harhaɗa shi ne abokin mai zuwa aiki: faifai 36 masu santimita 15 za su ba ki bargo 90 da 90, kowanne rabin awa zuwa minti arba'in, ki sa a jaka ki yi ɗaya a mota ɗaya a lokacin hutu, ga shi yana cinye ragowar zare. Kuɗin da za ki biya shi ne ɓoye bakin zare, wanda in kin sauya launi da yawa sai ya fi ɗari, sannan irin na gargajiyar yana da ramuka da yatsun jariri ke shiga. Ni na fi son saƙa mai cike, layi-layi daga gefe zuwa gefe, ba rami. Duk bakin zaren da ya rage ki sa shi a allura ki bi da shi cikin saƙar gaba da baya, kada ki ƙulla ki yanke a gindi, wanki biyu zai kwance. Silin zare ɗaya in ya naɗe ɗan yatsa yana iya hana jini gudu, jariri kuma ba zai ce ga inda ke masa ciwo ba.

Ado kuwa a rage. Duwatsu, maɓalli, 'yan lu'ulu'un roba, duk abin da zai iya cirewa ya shiga baki, a bar wa manya. Igiyar ɗaure hula a haɓa ma ba na sawa. Tuntu a tsakiyar hula yana da kyau a hoto, amma sai an ɗinke shi da ƙarfi, kuma yana hana yaro kwanciya daidai. Fari tas yana burgewa ranar suna, ƙurar hunturu kuma ba ta barinsa ya kai mako. Ruwan toka, ruwan ƙasa mai haske, kore mai sanyi ko ruwan ƙwai sun fi rufin asiri, kuma sun dace ko mace aka samu ko namiji, tunda sau da yawa kafin a sani ake farawa. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu, ki jiƙa guntu a farin kofi ki gani ko yana zuba. In kin gama ki wanke da sabulu marar ƙarfi, ki shanya a kwance kada ya zazzago, kuma ki yi haƙuri da turaren wuta a kan wannan, hancin jariri bai kai nan ba.

To wanne ke nan? In haihuwar ta zo miki ba shiri, ko bakwaini ne, ko yanzu kike koyo, ko aljihu ya yi ƙasa, hula biyu masu girma daban da safa, ba abin kunya a ciki. In kin san da cikin tun da saura wata biyu, kuma a Jos yaron zai tashi, bargo ya fi, don shi ne za a daɗe ana mora. In a Abuja zai zauna, bargon auduga marar nauyi, hula kuwa ɗaya siririya ta isa saboda sanyin asuba da na'urar sanyaya ɗaki. In kuma 'yar'uwa ce ta jiki da ba za a ji komai ba in kin ce wani abu yana tafe, ai ba dole ne komai ya zo ranar suna ba.

Haka muka yi da ƙanwata. Dunƙule biyun nan suka fitar mata da hula biyu da safa ƙafa ɗaya, ta ƙarasa ɗayar ƙafar a mota tsakanin Keffi da Akwanga. Washegarin suna na raka ta Taminus ana tsuga ruwa, muka zaɓi zare ruwan toka da ruwan madara, ta sa mai shagon ya zazzage kwali muna duba lamba ɗaya bayan ɗaya har ya fara tsaki. Ta koma Abuja tana yin faifai biyu a rana, wata ran ɗaya. Ana saura kwana uku arba'in ta ba direba a tasha ya kawo min, na kai Unguwar Rogo da kaina cikin yayyafin Agusta. Kakar yaron ta karɓa ta ɗaga shi sama ta leƙa ko haske na ratsawa, ta ja gefe ta saki, sannan ta ce, "To, wannan ya yi. A goge shi ko kada a goge?"

Na ce, "Hajiya, ko kusa da dutsen guga kada ya je."